In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari: Labarin Kaji Da Ɓeraye A Ƙasar Miga

Yau magana ce a kan ɓera da kaza. Labudda wani zai ce abin ya yi ƙanƙanta a ɓata masa tawada. To, mai faɗin haka ya tambayi uwargidansa. A ƙauyukanmu kaza ita ce asusun mace. Da ita a ke biyan kuɗin Laraba na yaro, da ita a ke tarbar baƙo, ita a ke kamawa a kai kasuwa ran da zazzaɓi ya kwantar da goyo. Wanda ya taɓa akurki ya taɓa aljihun gida.

Ga yadda abin ya kan faru. Da magariba mace ta ƙidaya 'yan tsakinta goma sha biyu, ta tura su akurki tare da uwarsu, ta jingina faifai a ƙofa. Da asuba ta buɗe, ta tarar da tara. Ba jini a ƙasa sai ɗan gashi, da wani rami a gindin akurki wanda jiya babu shi. Ta ce wa maigida, "Malam, in ka shiga kasuwa ka sayo mana shinkafar ɓera." Ya sayo, aka barbaɗa a bayan akurki. Bayan kwana biyu aka tsinci mushen ɓera uku, da zakara ɗaya, da kyanwar maƙwabta. Bayan wata guda kuwa ɓeraye suna nan kamar ba a taɓa su ba. Wannan shi ne abin da mu ke so mu duba: me ya sa guba ba ta ƙare su, kuma mene ne ke ƙare su.

ƘASAR MIGA DA KOGINTA

Miga tana cikin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a shekarar 1991, kuma tana ƙarƙashin masarautar Dutse. Tana maƙwabtaka da Jahun da Kafin Hausa da Auyo. Arzikinta da wahalarta duka daga abu guda su ke, watau Kogin Haɗeja. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suka haɗu suka haife shi, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya ratsa wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya wuce Haɗeja zuwa fadamun Nguru, har ruwansa ya gangara ta Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Cadi.

A zamanin kakanni kogin ya kan cika da damina, ya malala cikin fadama, sa'an nan ya janye da rani har a taka yashinsa da ƙafa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai hali ya sake. Ruwa ya zama yana gudana rani da damina. Noman rani ya bunƙasa, shinkafa da alkama da kayan lambu, wannan kuwa alheri ne wanda ba mai musunsa. Amma ciyawar nan kacala ita ma ta sami abin da ta ke so, ta cika bakin kogi da magudanai, ta toshe hanyar ruwa, ta zama masaukin tsuntsayen jan baki. Ɓeran daji kuma, wanda a da yunwar rani ke rage shi kowace shekara, yanzu ya sami abinci da maɓoya kusan wata goma sha biyu.

Sa'an nan ga ambaliya. A 2012, da 2018, da 2020, da 2022, ruwa ya ci gonaki da gidaje a garuruwan bakin wannan kogi, har da ƙasar Miga. Mutanen Hantsu da na ƙauyukan da ke kusa da ruwa ba sa bukatar a ba su labari. Abin lura a nan shi ne, in ruwa ya cika fadama a watan Agusta da Satumba, duk abin da ke zaune cikin rami sai ya nemi tudu. Tudun kuwa shi ne gari. Mutum ya gudo, akuya ta gudo, ɓera ya gudo, maciji ya biyo ɓera. Haka kuma in an yanke shinkafar rani, gona ta zama fili, sai rundunar ta juyo gida. Saboda haka ɓeran akurkin Miga yana da lokutansa, kuma kogi ne ke rubuta masa su.

Ba mu kaɗai wannan ya shafa ba. Bayan babban farin 1984, da ruwan sama ya komo, ciyawa ta yi yawa, ɓeraye sun yi ambaliya irin tasu a 1986 da 1987 a ƙasashen Sudan da Cadi da Nijar, suka yi ɓarna mai yawa a gonaki. Duk inda abinci ya yalwata bayan ƙunci, ɓera ne farkon mai cin riba.

KOWANE DA HALINSA

Mu kan ce ɓera kurum, alhali iri-iri ne, kuma wanda bai san abokin gabansa ba ya kan ɗana tarko inda ba hanya.

Na farko shi ne baƙin ɓeran gida mai dogon wutsiya, wadda ta fi jikinsa tsawo. Gwanin hawa ne. Yana zama cikin jinka da azara da saman rumbu, ya sauko da dare ta kan igiya ko reshe. Shi ne ya fi shan ƙwai da kashe 'yan tsaki.

Na biyu shi ne ɓera mai yawan nono. Bai kai na farko girma ba, gashinsa mai laushi ne, toka-toka. An ba shi wannan suna domin macensa ta kan yi nono har ashirin da huɗu. Cikinta kwana ashirin da uku ne ko kusa da haka, ta haifi goma ko goma sha biyu a ciki ɗaya, wani lokaci fiye, kuma ba ta daɗewa ta sake ɗaukar wani. 'Ya'yan su ma kafin wata uku ko huɗu sun fara nasu. Yana zaune a gona, yana zaune a ɗaki, yana kai da kawowa tsakaninsu. Ku riƙe sunansa, za mu komo kansa.

Na uku shi ne ɓeran fadama, wanda masu noman shinkafa ke gani da rana tsaka yana gudu a kan kunya. Yana yin hanyoyi cikin ciyawa, yana haƙa rami a jikin jinga.

Na huɗu gafiya, mai kumatu kamar jaka da farin ƙarshen wutsiya. Ita ba ta ci a wurin, sai ta cika baki ta kai rami, shi ya sa a kan ce gafiya tsira da na bakinki. Ramin gafiya guda ya kan ɓoye hatsi mai yawa.

Amma jaba, mai dogon baki da wari da tsuwa, ba ɓera ba ce ko kaɗan. Abincinta kyankyaso ne da sauran ƙwari, ba ta cin hatsi. Sau da yawa ita a ke kashewa a kan laifin da wani ya yi.

Dukkan ɓeraye haƙoransu na gaba ba sa daina tsiro muddin suna da rai, saboda haka dole su yi ta gwaguya. Katako, da roba, da buhu, da ƙwarya, da bangon laka, ba wanda ke tsare su. Ƙarfe da siminti ne kaɗai su ke jin nauyi. Malaman da suka taɓa buɗe gafaka suka tarar an cinye gefen takardu sun san wannan sarai.

LISSAFI DON 'YAN KASUWA

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Babban ɓeran gida ya kan ci kimanin giram 15 zuwa 20 a kwana. Mu ɗauka a gida akwai hamsin, wannan kuwa ba abin mamaki ba ne a gidan da ke da rumbu da akurki da turke, zama wanda ka gani ɗaya ne cikin masu yawa. Hamsin sau giram 20 ya zama kilo guda kowane dare. A wata kilo 30 ke nan, ya fi buhun abincin kaji na kilo 25. Wannan abin da ya shiga cikinsu ne kaɗai. Abin da su ke ɓatawa da fitsari da kashi da huda buhu ya kan fi abin da su ke ci.

Ka ƙara da ƙwai. Ka ƙara da 'yan tsaki, waɗanda kowane ɗaya da an bar shi wata shida da ya zama kaza ta kai wa kasuwar Gujungu ko ta Haɗeja. Ka ƙara da kaza mai kwanci wadda aka firgita da dare ta tashi daga kan ƙwai har suka yi sanyi suka lalace. Mai kaji da yawa ya kan ce kajinsa ba su da albarka, alhali yana da abokin tarayya ne wanda bai zuba jari ba.

ABIN DA YA FI HASARAR DUKIYA

A shekarar 1969, a garin Lassa na ƙasar Borno, wata ma'aikaciyar asibitin mishan ta kamu da wani zazzaɓi wanda ba a san shi ba. Aka kai ta Jos, ta rasu, wadda ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. Daga nan cutar ta sami sunanta. Bayan 'yan shekaru, da aka yi bincike a Saliyo, aka gane cewa ɓera mai yawan nono shi ne ke ɗauke da ita. Shi ba ta kashe shi, sai dai ya yi ta zubar da ƙwayarta cikin fitsarinsa da kashinsa. Mutum ya kan ɗauka in ya ci abincin da ɓeran ya ɓata, ko ya shaƙi ƙurar shara mai kashinsa, ko ya taɓa jininsa. Daga nan kuma ta kan bi masu jinya.

Ta kan ɗauki har mako uku kafin ta bayyana. Cikin mutum biyar da suka kamu, kimanin huɗu ba ta tsananta musu, amma na biyar ta kan kai shi ga halaka, ta fi kuma tsanani ga mace mai ciki. Waɗansu da suka warke su kan rasa ji. Farkonta kamar zazzaɓin cizon sauro ne, shi ya sa a ke sakaci. Hukumar NCDC mai lura da cututtuka a Nijeriya tana ba da labarinta kowace shekara, ta fi yawa da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, kuma Jihar Bauci, wadda mu ke iyaka da ita, tana cikin jihohin da ta fi kamawa. Ba kowane ɓera ke ɗauke da ita ba, amma ba a gane mai ita da ido. Duk zazzaɓin da aka sha maganin cizon sauro bai sauka ba, a gaggauta zuwa asibiti, domin magani ya fi amfani in an fara da wuri.

Ban da wannan, fitsarin ɓera cikin ruwan ambaliya ya kan kawo wata cuta mai zazzaɓi da shawara, wadda ke shiga ta rauni a ƙafa. Kashinsa cikin dusa kuma ya kan sa kaji zawo, ƙwayar cutar ta bi ƙwai ta iso ga mutum. Sai dai a yi wa ɓera adalci a wuri guda: annobar nan da ke kwashe kaji da sanyin hunturu, wadda likitoci ke kira Newcastle, daga kaza zuwa kaza ta fi yaɗuwa. Maganinta rigakafi ne, ana kuwa yin sa a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos.

Malamai sun riga mu sanin cewa shari'a ba ta ɗauki ɓera da wasa ba. Yana cikin dabbobin nan biyar masu ɓarna da hadisi ya halatta kashewa ko da ga mai harama. An yi umurni da rufe ƙorai da kashe fitila lokacin barci, aka ambaci ɓera da jan lagwani ya ƙone gida. Almajirin da ya karanta Risala kuma ya san hukuncin man da ɓera ya mutu a ciki, da bambancin daskararre da narkakke. Wanda ya duba waɗannan zai ga rufe abinci aka sa a gaba.

SHINKAFAR ƁERA

Gubar da a ke sayarwa a kasuwanninmu iri biyu ce. Akwai mai kisa nan take, kamar baƙin garin nan da a ke kira zink fosfaid, wanda in ya haɗu da ruwan ciki ya kan saki iska mai dafi. Ba shi da makari. Kaza kuwa ba ta da ƙarfin jure shi ko kaɗan, tsaba kaɗan ta ishe ta. Aibinsa na biyu shi ne, ɓera dabba ce mai tsantseni. In ya ga sabon abinci sai ya ɗanɗana kaɗan ya jira. Wanda ya ɗanɗana ya ji ciwo bai mutu ba, ba zai ƙara kusantar wannan abinci ba. Saboda haka daren farko a kan kashe waɗansu, sauran kuwa an koya musu karatu.

Iri na biyu shi ne mai tsinka jini, wanda ba ya kisa sai bayan kwana uku zuwa bakwai. Na farkonsa warfarin ne, wanda aka fara sayarwa a Amurka wajen 1950. Tun 1958 aka sami ɓerayen da ba ya kashewa a ƙasar Sikotlan, sai aka ƙera waɗansu masu ƙarfi. Waɗannan sun fi aiki, amma su kan daɗe cikin hantar ɓera, duk kyanwa ko mujiya ko kare da ya ci mushen sai gubar ta bi shi. Kazar da ta tsattsaga kuma, gubar ta kan fito har cikin ƙwanta.

Babbar musiba ita ce ta yara. Abin da aka cuɗa da shinkafa ko kifi ko ƙuli-ƙuli aka ajiye a ƙasa, mai rarrafe ba ya bambanta shi da abinci. Da yawa kuma a kan sayar da shi cikin ƙullin leda ba suna ba bayani, har likita ya rasa abin da zai yi wa magani. Ya ku masu sayarwa, wannan amana ce a wuyanku: kada ku sayar wa yaro, kada ku ajiye kusa da kayan miya, kada ku raba guba da takardarta. In kuwa tsautsayi ya auku, kada a tsaya ɗura manja ko madara ana jira. A ɗauki yaro da ragowar abin da ya ci a nufi asibiti. Haka nan ƙwayar nan mai hayaƙi da a ke sa wa buhun wake, kada a jefa ta ramin ɓera cikin ɗaki ko kusa da akurki, iskarta ta kashe mutane suna barci.

Ko da guba ta yi aiki, ba ta daɗewa. An gwada a waɗansu ƙauyukan ƙasar Gini, wajen Faranah, inda zazzaɓin Lassa ya yi yawa. Aka sa guba gida gida, ɓeraye suka ragu ƙwarai, amma cikin 'yan watanni suka komo. Dalili a fili ya ke. Muddin abinci na nan, maɓoya na nan, wanda ya mutu gurbi ya bari, na daji su shigo, na gida su hayayyafa.

DADDAWA MA DA WARI

Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Ɓera ma albarkacinta ya ke ci. Abu uku ke kawo shi akurki: abinci, da ruwa, da wurin ɓuya. Wanda ya hana shi waɗannan ya yi rabin yaƙi bai kashe ko anini a kan guba ba.

Farko abinci. Kaza ba ta ci da dare, ɓera kuwa da dare ya ke ci. Saboda haka duk dusa ko tsabar da ta kwana a akurki ta ɓera ce. A ba kaji da safe da la'asar gwargwadon abin da za su cinye, cikin kasko ko kwano, ba watsawa a ƙasa ba. Kafin kiran magariba a ɗauke, a share abin da ya zube, a kife kaskon ruwa. Dusa da hatsi a zuba su cikin durom na ƙarfe mai murfi, ko tulu mai marufi da dutse a kai. Buhunan da ba su sami durom ba a ɗora su bisa katako, a bar rata tsakaninsu da bango yadda kyanwa za ta iya kewayawa. Ƙwai a kwashe kullum, sai na kwanci. Sussuka da shiƙa in an gama a share wurin, kada ƙaiƙayi ya kwana.

Na biyu akurki. Kakanninmu ba su aza rumbu a kan duwatsu don ado ba. A yi wa akurki haka: a ɗaga shi bisa ƙafafu kamar ƙafa biyu daga ƙasa, kowace ƙafa a sa mata kwano da aka naɗe kamar mazurari a kife, yadda mai hawa zai iske rufi a kansa. A ƙasar Miga wannan riba biyu ce, zama akurkin da ya tsere wa ɓera ya tsere wa ruwan da ke kwanciya a tsakar gida. Wanda ya fi son akurkin laka, ya daɓe ƙasansa da siminti, ya shafe gindinsa, ya yi masa ƙofar kwano mai rufuwa ruf. Faifai da tsumma ba ƙofa ba ne.

Game da ragar waya, a yi hattara. Ragar nan mai manyan idanu da a ke kira wayar kaji, kaza ta ke tsarewa da shirwa, ɓera kuwa ratsa ta ya ke yi. Babban ɓera ya kan shige ramin da ya wuce rabin inci, ƙarami kuwa duk inda alƙalami ya shiga shi ma zai shiga. A nemi raga mai ido rabin inci, ta 'yan tsaki kuma rubu'in inci. In an kewaye wa kaji fili, a binne gindin ragar ƙafa guda cikin ƙasa, a lanƙwasa ƙarshenta waje, mai haƙa ya iske ƙarfe ya koma. Wanda ba shi da halin kewaye fili duka, ya yi ƙaramin keji guda na kwanan kaza da 'ya'yanta har su yi wata guda. A nan ne hasara ta fi yawa, a nan kuma kuɗi kaɗan ya fi amfani.

Na uku maɓoya. Ɓera yana tsoron fili. Tarin kara, da itacen girki, da harawa, da tsofaffin tukwane, a janye su daga jikin akurki, a bar taki uku ko huɗu fetal a kewaye. Reshen da ya sauko kan rufi a sare. Ramukan da aka gani a toshe su da ƙasa da yamma, wanda aka tarar a buɗe da safe shi ne mai mai shi a ciki. Bayan an kama shi, a cika ramin da tsakuwa da fasassun kwalabe, a shafe da siminti. Kada yaro ya sa hannu cikin rami, gamsheƙa ta kan gaji gidan ɓera.

TARKO DA MASU TAIMAKO

Sai an yi waɗancan sa'an nan tarko ke cin sunansa, domin ɓeran da ya ƙoshi ba ya kula da abin da ke kan tarko. A barbaɗa toka a gindin bango da dare, da safe sawu zai nuna hanya. Ɓera jikin bango ya ke bi, saboda haka a ajiye tarko a nan, bakinsa na fuskantar bango. A sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi ko daddawa, a bar shi kwana biyu ko uku ba a ɗana ba, har su saba, sa'an nan a ɗana duka dare guda. Tarko goma a dare ɗaya ya fi tarko ɗaya a dare goma. A kifa masa kwando ko akwati mai ƙaramar ƙofa saboda kaji da yara, da safe kuma a kwance.

Tarkon ƙarfe mai kisa nan take shi ya fi dacewa. Na gam ya kan bar dabba tana wahala yini guda tana fitsari a kai, ya kan kuma kama 'yan tsaki. An umurce mu da kyautatawa ko a wajen kisa, an kuma hana azaba da wuta. Samarin da ke cinna wa ciyawa wuta don farautar gafiya su tuna da wannan, su tuna kuma da rumbunan da irin wannan wuta ta cinye.

Mushe kada a taɓa shi da hannu. A sa leda a hannu a ɗauka, a binne da zurfi nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu. Wurin da kashin ɓera ya taru a yayyafa ruwa kafin shara, kada ƙura ta tashi.

Kyanwa tana taimako, ko warinta ma ya kan rage musu sakewa, sai dai ba ta iya wa gafiya, kuma a raba ta da 'yan tsaki. Akwai kuma wani ma'aikaci da mu ke jifa da dutse, shi ne mujiya. Farar mujiyar nan da ke kwana a kogon kuka ko tsohon gini, ita da mijinta da 'ya'yansu su kan ci ɓeraye dubbai a shekara. A ƙasar Malesiya har akwatuna a ke kafa mata cikin gonakin kwakwar manja don ta zauna ta yi musu gadi. Mu kuwa muna korarta saboda camfi, sa'an nan mu sayi guba.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Ɓera bai san danga ba. In ka gyara gidanka maƙwabcinka bai gyara ba, ka rage ne kurum. Aikin na unguwa ne, irin na gayya: mai unguwa ya sa rana, liman ya faɗa bayan salla, kowane gida ya yi shara ya ɗana tarko cikin mako guda. Lokacin da ya fi kyau shi ne bazara, sa'ad da abinci ya yi ƙaranci, yawansu ya ragu, yunwa ta sa su faɗa tarko. Mace guda da aka kama a watan Mayu ta fi goma a watan Oktoba. Sa'an nan a sake kafin marka, a ɗaga akurki, a toshe ramuka, tun ruwa bai koro na fadama ba. A kuma sake in an yanke shinkafar rani.

Amma kada a ce za a biya lada a kan kowace wutsiya. Faransawa sun gwada haka a birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam a 1902. Ba a daɗe ba aka fara ganin ɓeraye marasa wutsiya suna yawo, an yanke an sake su don su haifi waɗansu, har aka sami masu kiwonsu a bayan gari. 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin cewa abin da aka sa wa kuɗi ba ya ƙarewa.

Daga ƙarshe, akwai wani wuri da ya kamata idon jama'a ya kai, shi ne jingar da ke tsakanin gari da kogi. Ramin ɓera a jikin jinga hanyar ruwa ce, farko ɗigo, sa'an nan ɓaraka. Malamai sun san labarin mutanen Saba'i da madatsar Ma'rib ta ƙasar Yaman, waɗansu masu tafsiri kuma sun ruwaito cewa ɓera ne ya haƙa gindinta har ta fashe. Mutanen da ke kwana ruwa na bisa kansu wata biyu a shekara ba su ne za a tsawaita wa wannan ba. In an fita duban jinga kafin damina, a duba ramuka, a toshe, a daɓe. In an komo gida kuma, kafin a shiga sallar magariba, a leƙa akurki a ɗauke kaskon dusa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu da abin da muka mallaka, ya ba mu damina mai albarka. Haza wassalam.